Azumin da Ban Yi Ba

Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa a Kantin Kwari, kuma a Fagge aka haife ni a shekarar 1966. Labarin da zan bayar na abinci ne, amma ban ɗauke shi ƙaramin abu ba, domin a gaban farantin abinci na yi ƙaryar da ta fi kowace ƙarya damuna a rayuwata, kuma a gaban irin wannan faranti ne Allah Ya nuna mini girman abin da na aikata bayan shekara ashirin da tara.

Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, a hannun wani Kwara yake ɗaukar kaya. Kwarori shi ne sunan da iyayenmu ke kiran mutanen Labanan da Siriya, waɗanda suka fara shigowa Kano da yawa bayan layin dogo ya iso a 1911, suka shiga cinikin gyaɗa da fatu, daga baya suka kama yadi, har aka sa wa wani titi sunan babban birnin Labanan, wato titin Beirut. Wannan mutum daga kudancin Labanan ya zo yana saurayi, Musulmi ne, kuma da na yi wayo na same shi tsoho mai furfura, Hausa a bakinsa kamar ta mutumin cikin gari. Mahaifina yana kiransa Maigida, mu ma muka bi bakinsa. Fiye da shekara ashirin suna hulɗa, ana ɗaukar dilar atamfa da shadda bashi, ana biya idan an sayar, ban taɓa ganin an kira shaida ko an sa hannu a takarda ba.

A gidanmu abinci sananne ne. Da dare tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, da safe ɗumame da koko, da rana fura, ranar Juma'a kuma a dafa shinkafa. Kakata ta wajen uba tana yawan gaya mana kada mu sa wa cikinmu abin da ba mu san sunansa ba, kuma na san don ta tsare mu take faɗa. A waje kuwa, cikin samarin unguwa, maganar da ake yi ita ce Kwarori ɗanyen nama suke ci, Indiyawa ba su san yanka ba, Sinawa kuma ba abin da suke bari. Akwai ƙanshin gaskiya a wasu daga cikin maganganun nan, domin daga baya na tabbatar cewa a Labanan akwai wani abinci na niƙaƙƙen ɗanyen nama da alkama, amma mu mun ɗauki wannan guda ɗaya mun shafa wa duk abin da ke fitowa daga tukunyarsu. Da wannan tunani na girma, kuma ina kiransa tsantseni.

Mahaifina ya rasu a 1988, ina da shekara 22. Bayan sadakar arba'in tsohon ya aiko yaronsa ya kira ni, na tafi gabana yana faɗuwa, saboda na san akwai ragowar kuɗin kaya a kan marigayi, kuma ban ga inda zan samo su ba. Ranar Alhamis ce da hantsi. Na same shi a bayan teburinsa, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi na shanye, na kuma ɓare goron da ke aljihuna na tauna don in rage fargaba. Ya yi mini ta'aziyya a karo na biyu, sannan ya ce bashin in biya a hankali yadda ya sauƙaƙa, kaya kuma zai ci gaba da ba ni kamar yadda yake ba mahaifina, ba ragi. Ban gama godiya ba ya miƙe ya ce in taso mu je mu ci abinci.

Wani ɗan ƙaramin gidan abinci ya kai ni, na wani ɗan'uwansa, kusa da titin Beirut, teburansa ba su wuce biyar ba. Aka jera mana ƙananan faranta. A ɗaya akwai wani abu fari-fari mai kauri kamar kwaɓi, an yi masa rami a tsakiya an zuba mai. A wani akwai yankakken ganye kore shar da tumatir. Ga wata gurasa marar kauri an naɗe ta a kwando. A tsakiya kuma aka ajiye babban faranti na shinkafa gauraye da wasu ƙananan ƙwayoyi masu launin ƙasa, an lulluɓe samanta da albasar da aka soya har ta kusa yin baƙi. Ƙamshin albasar nan da tafarnuwa da lemon tsami ya cika mini hanci, cikina kuma babu komai sai ruwa da goro. Tsohon ya yi bisimilla, ya yago gurasa ya miƙo mini.

Sai na ji bakina ya ce, "Maigida, ka yi haƙuri, yau Alhamis, azumi nake yi."

Hannunsa ya tsaya a inda yake. Ya dube ni, kuma na san abin da yake gani, domin shi ya sa aka ba ni ruwa ko awa guda ba a yi ba, ga jan goro a haƙorana. Bai tona mini asiri ba. Ya mayar da gurasar cikin kwando ya ce, "Allah Ya karɓa, ɗana." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce a ƙasarsu idan mutum biyu suka ci tare ana cewa akwai gurasa da gishiri a tsakaninsu, daga ranar ɗaya ba ya cin amanar ɗaya, kuma shi da mahaifina akwai wannan gurasa da gishiri tun ban zo duniya ba. Shi ma bai ci komai ba, ya ce ba ya ci a gaban mai azumi. Ya sa aka juye abincin a kwano aka ɗaure, ya ce in yi buɗa-baki da shi. Ina shan kwana na miƙa wa almajirai ko buɗewa ban yi ba, na tafi gida ina jin kamar har lada na samu.

Ya cika alkawarinsa. Shekara shida yana ba ni kaya, da jarinsa na tsaya da ƙafata, na yi aure, na kama rumfa tawa. Bai taɓa tayar da maganar ba, amma bai sake gayyata ta cin abinci ba. Yaƙin basasar ƙasarsu da aka fara a 1975 ya ƙare a 1990, shi kuma a 1994 ya tattara ya koma gida, bayan 'yan shekaru labarin rasuwarsa ya iso kasuwa. Na yi masa addu'a kamar kowa. Duk lokacin da abin ya faɗo mini a rai, sai in gaya wa kaina cewa addinina na kare.

Haka na ci gaba. Na yi hulɗa da Indiyawa masu masana'antu, Sinawa suka shigo Kwari da atamfarsu na yi ciniki da su, an gayyace ni cin abinci ban san adadi ba, kullum ina da uzuri. Sau biyu na je birnin Gwanzu na ƙasar Sin sarin kaya, akwatina cike da kilishi da dambun nama da garin kunu, idan suka ƙare sai in koma burodi da shayi har in dawo. Ko a aikin Hajji masu tuwo 'yan ƙasarmu nake bi ina nema. Hausawa suna cewa sabo turken wawa, ni kuwa ina ɗaure a turkena ina ganin tsoron Allah ne ya ɗaure ni.

A 2016 na fara jin ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa, ina tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, ina ramewa ba dalili. Aka auna jinina a asibiti aka ce ciwon suga ne. Likita ya ɗora ni a kan magani, ya ce in rage tuwo da farar shinkafa da masa da lemon kwalba, in ƙara ganye da wake, in riƙa tafiya a ƙasa. Uwargida ta yi iya ƙoƙarinta, amma abin da muka sani a gidan bai wuce kwaɗon zogale da faten wake da tuwon alkama ba, yau su gobe su. Cikin wata shida abinci ya fita daga raina, na zama mai saurin fushi, ina ture kwano, ina yi wa matar da ta wuni a madafa saboda ni faɗan da ba ta cancanta ba. Wani lokaci kuma in saci jiki in sayi masa a kasuwa in ci a ɓoye, washegari awon jini ya tona ni.

Babbar 'yata ma'aikaciyar jinya ce. Wata Asabar a farkon 2017 ta zo gida ta ce, "Abba, yau ni zan ciyar da kai, kuma ba a gida ba." Da na ji gidan abincin 'yan Labanan take nufi sai na ɗaure fuska, amma ta riga ni shiri. Ta ce ta je da kanta ta tambaya, daga Abbatuwa suke sayen nama, ba sa sayar da giya, masu girkin ma yawancinsu 'yan gari ne. Ta ce, "Idan ka je ka gani ranka bai so ba, Abba, sai mu dawo, ba wanda zai tilasta maka." Na rasa uzuri, kunyarta ta sa na shiga mota.

Ita ta zaɓi abincin, saboda da aka miƙo mini takardar da aka jera sunaye ban gane ko ɗaya ba. Yaron da ke kawo mana, Bahaushe ne mai ladabi, yana ajiyewa yana yi mini bayani. Farin kwaɓin nan mai rami da mai a tsakiya sunansa hummus, wani irin wake ne mai kama da gurjiya ake dafawa a niƙa da riɗi da tafarnuwa da lemon tsami, a zuba man zaitun. Koren ganyen sunansa tabbule, ganyen da suke kira baƙadunis ne da na'ana'a da tumatir da 'yar ɓarzajjiyar alkama. Akwai wani da aka yi da babban yalo, an gasa shi a wuta har hayaƙi ya shiga jikinsa sannan aka kwaɓa da riɗi, akwai kindirmon da aka tsane ruwansa ya yi kauri, akwai kuma falafil, wanda ina gutsura na ce wannan ai ɗan'uwan ƙosai ne. Na yago gurasa na dangwali hummus kaɗan na kai baki ina ɗar-ɗar. Ɗanɗanon riɗi ne ya fara zuwa mini, riɗin da na sani a kantu tun ina yaro, riɗin da ake nomawa a Jigawa ana loda shi a manyan motoci a Dawanau, sai tsami ya biyo baya, sai taushi. Na sake dangwala.

Muna cikin haka yaron ya dawo da babban faranti ya ajiye a tsakiya, kuma kafin idona ya sauka a kai hancina ya riga ya gane shi. Shinkafa ce da ƙananan ƙwayoyi masu launin ƙasa, an lulluɓe ta da albasar da ta kusa yin baƙi. Na ajiye gurasar da ke hannuna na tambayi sunansa. Ya ce, "Mujaddara, Alhaji, shinkafa ce da adas." Adas na san shi a baki tun ina makarantar allo, yana cikin Suratul Baƙara, inda Banu Isra'ila suka roƙi Annabi Musa abin da ƙasa ke tsirarwa, aka ambace shi gab da albasa, amma na shekara da shekaru ina karanta kalmar ban taɓa ganin ƙwayarsa ba. Na tambaye shi wane nama ake sa wa. Ya ce ba a sa nama ko kaɗan, adas ne da shinkafa da albasa da mai da gishiri, kuma a can ƙasarsu abincin gida ne, abincin talaka, kamar yadda garau-garau yake a wajenmu.

Na dubi teburin daga wannan gefe zuwa wancan, na ga su ne dai farantan 1988, kuma babu ko tsoka ɗaya ta nama a cikinsu, balle a yi maganar yanka. Babu giya, babu wani abin shakka. Wake ne da riɗi da ganye da alkama da albasa. Tsohon nan bai kai ni wurin don ya burge ni ba, abincin da uwarsa ta raine shi da shi ya ajiye a gaban maraya, ni kuma na ƙi, na kuma jingina ƙin ga ibadar da ban yi ba. 'Yata ta ga idona ya kawo ruwa ta ruɗe, tana tambaya ko jikin ne. A nan, a kan teburin, na ba ta labarin da ban taɓa ba kowa ba, har mahaifiyarta. Sannan na yi bisimilla na ci, kuma ban taɓa cin abin da ya yi mini daɗi da ciwo a lokaci guda kamar wannan loma ba.

Da daddare na je wajen malaminmu bayan an tashi daga karatu. Na ce, "Allah Ya gafarta malam, na zo da wani tsohon laifi." Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce ƙaryar azumi sai tuba da istigfari, mutumin kuma tunda ya riga mu gidan gaskiya sai addu'a da kyautata wa zuriyarsa. Sannan ya kawo mini hadisin da ya raba mini abu biyu da na shekara da shekaru ina cakuɗawa. An kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, da aka gaya masa ko mene ne sai ya janye hannunsa. Khalid ɗan Walid ya tambaya ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa ba ya so. Khalid ya jawo ya ci a gabansa. Malam ya ce, "Ka gani, Alhaji, ƙyanƙyami ba zunubi ba ne, kowa da abin da ya saba. Amma Annabi ya kira shi da sunansa, bai ce masa haramun ba." Ya tuna mini da gargaɗin da ke cikin Suratun Nahli a kan mutum ya riƙa cewa wannan halal ne wannan haram ne da ƙaryar harshensa. Ya kuma ce Annabi bai taɓa aibata abinci ba, idan yana so ya ci, idan ba ya so ya bari.

Daga nan na fara shiga wuraren da na shekara talatin ina wucewa ta ƙofarsu. Gidan abincin Indiyawa ne na biyu, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne murhunsu. Na nemi izini na leƙa, na ga wata babbar tukunyar ƙasa mai zurfi, garwashi a ƙasanta, mai girki yana manna kwaɓin fulawa a jikin bangonta da hannu, bayan ɗan lokaci ya ciro da ƙugiya. Suna kiranta tandur. Na ce masa mu tanderu muke cewa, kuma haka matan Jakara suke gasa gurasa. A can na sha miyar adas da suke kira dal, wadda ake dafawa da gangamau da citta, a ƙarshe a soya kayan ƙamshi a mai mai zafi a kwara a kai tana ƙara. Na ci kuɓewar da aka soya har yauƙinta ya mutu, abin da ya ba ni mamaki, domin mu yauƙin muke nema su kuma shi suke gudu. Na sha wata miya mai tsamiya da aka jefa wa 'ya'yan zogale, dogayen nan da muke bari su bushe a bishiya, na kuma ji cewa asalin zogalen ma daga Indiya yake. Mai wurin mabiyin addinin Hindu ne, bai taɓa cin nama ba tun da aka haife shi. Ya gaya mini cewa idan aka gayyace shi biki a gari yana shan wahala, domin ko miyar ganye ce sai ya tambaya ko an sa romon nama, kuma sau da yawa masu gida suna jin haushin tambayar. Na ga shi ma yana da nasa tsantsenin, sai dai shi yana tambaya a fili, bai taɓa fakewa da ƙarya ba.

Wannan ya sa na waiwayi abincin da kakata ta san sunansa. Gurasa da alkubus da alkaki sunayensu ma na Larabci ne, Larabawan arewacin Afirka da suka zauna a unguwanni irin su Alfindiki da Dandalin Turawa suna da hannu a shigowar irin wannan girki na alkama cikin birni. Masarar da muke tuwo da ita, da rogo, da gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, da tumatir da barkono, duk daga nahiyar Amurka suka fito. Akwai ranar da kowannensu yake baƙo a bakin Bahaushe, wani kakanmu ya daure ya ɗanɗana. Zoɓon da ake tarawa a Dawanau kuwa har Mekziko ake kai shi, su ma suna jiƙa shi su sha.

Ba zan ɓoye inda na yi tuntuɓe ba, domin wanda ya daɗe a ɗaure idan aka kwance shi yakan wuce gona da iri. A 2019 na je Abuja, wani abokin ciniki ya kai ni gidan abincin Sinawa, ni kuma a lokacin ina jin na waye, sai na ga kamar tambaya ƙauyanci ce. Na san a mazhabarmu ta Malikiyya dabbobin ruwa halal ne, don haka na ci jatan lande hankali kwance, na ci kaza da wasu ganyaye da aka soya sama-sama a wuta mai ƙarfi. Sai da muka gama, ina yaba daɗin kazar, ma'aikacin wurin ya ce sirrin yana cikin giyar shinkafa da ake ɗan zubawa a kasko. Ya ƙara da cewa suna dafa naman alade a madafar, ko da yake ba a cikin abin da muka ci ba. A daren nan ban runtsa ba. Da na dawo malam ya ce abin da mutum ya ci bisa rashin sani ba a kama shi da shi, amma barin tambaya a wurin da shakka take a fili sakaci ne, kuma wannan nawa ne. Ban ga laifin masu wurin ba, ba su ce mini abincin Musulmi suke sayarwa ba, ni ne ban buɗe baki ba.

Tun daga ranar duk inda na shiga sai na tambayi inda aka samo naman da wanda ya yanka, na tambayi ko ana sa giya a girki, na tambayi ko kasko ɗaya ake amfani da shi da abin da ba ya halatta gare ni. Ina yi da sakin fuska, kuma ban taɓa samun wanda ya ji haushi ba. Inda amsar ba ta gamsar da ni ba sai in tsaya a kan ganye da wake, ko in ce na gode in sha shayi. Wani Basine da muke hulɗa a Kwari, da na ba shi labarin Abuja, ya gaya mini cewa a ƙasarsu akwai Musulmi miliyoyi, cikinsu akwai ƙabilar Hui, kuma gidajen abincinsu suna da wata alama ta haruffa biyu a ƙofa, ana karanta ta cingjen, ma'anarta halal. Ya zana mini ita a bayan rasit. Ina gani na gane ta, domin na sha wuce ta a Gwanzu, a unguwar da 'yan Afirka ke sauka, inda ake jan taliya da hannu ana dafa ta da romon naman sa, ni kuwa ina wucewa da yunwa zuwa ɗakina in ci busasshen burodi. Shi ne kuma ya nuna mini cewa awarar waken suya da 'yan mata ke soyawa a bakin titi ita ce abin da suke kira tofu, sun fi shekara dubu suna yin ta.

Dole in faɗi cewa irin waɗannan wurare suna da tsada, kuɗin da mutum biyu za su kashe a zama ɗaya zai iya ciyar da gida guda na kwanaki, kuma ba na son wani ya karanta wannan ya ɗauka ina kiran mutane zuwa ga almubazzaranci. Ni ma ba na zuwa sai jefi-jefi. Babban amfanin da na samu a gida yake. Uwargida da 'yata sun koyi yin hummus da farin wake da riɗin da ake kaiwa inji, sun koyi gasa yalo su kwaɓa, suna sayen adas a kantunan da ke kawo shi, idan babu su yi da wake, a rage shinkafa a yawaita albasa. Wake da danginsa ba sa ɗaga suga da sauri kamar farar shinkafa da masa, kuma awon jinina ya daidaita fiye da da. Ban bar magani ba, ban bar ganin likita ba, tuwo ma ina ci daidai gwargwado. Amma na daina ture kwano, na kuma nemi gafarar uwargida a kan watannin da na ƙuntata mata.

Abin da ya rage shi ne maganar malam ta kyautata wa zuriya. Na san wasu daga cikin jikokin tsohon suna Kano, amma kunya ta hana ni nemansu, sai a watan Sha'aban da ya wuce Allah Ya haɗa ni da ɗaya a wajen ta'aziyyar wani ɗan kasuwa. A Kano aka haife shi, bai kai shekara arba'in ba, kuma da ya ji sunan mahaifina ya ce ya taɓa jin sa a bakin manyansa. Na roƙe shi ya ba ni awa guda, muka haɗu a gidan abincin da 'yata ta fara kai ni. Na sa aka kawo mujaddara da hummus da tabbule, na ba shi labarin tun daga ruwan sanyi da goro har zuwa almajiran da na miƙa wa kwano. Ya ce bai taɓa jin wannan labari ba, kakansa bai gaya wa kowa ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya jawo kwandon gurasa ya yaga biyu ya miƙo mini rabi, ya ce, "Bisimilla, Baba." Na karɓa da hannu biyu.

Na tambaye shi sunan ƙauyen da aka binne kakansa, ya faɗa mini, na rubuta a cikin littafin da nake ajiye lissafin rumfa. Yanzu bayan sallar Asuba ina haɗa shi da mahaifina a addu'a ɗaya. Da za mu rabu na tambayi jikan abin da yake so a dafa masa idan ya zo gidana, ya ce shi tun yana yaro babu abin da ya kai masa tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa da man shanu. Ya zo da iyalinsa ranar Alhamis ta biyu bayan ƙaramar Salla, uwargida ta tuƙa tuwon da kanta, muka shimfiɗa tabarma a zaure muka ci a kwano ɗaya.